Hannun da ke rufe dayis: yadda ake bi da mai maguɗi a wasan labari na kan tebur

Hannunsa na fara lura da shi tun kafin lambobin su dame ni. Zai jefa dayis can kusa da gwiwar hannunsa, bayan littafin dokoki da ya jingine, kafin ƙwayar ta gama tsayawa ya riga ya kai tafi ya sure ta, sai ya ɗago kai ya ce, "Sha tara." Zagaye na gaba ya ce sha bakwai. Can kuma ya ce ashirin cif, har da buga tebur. Mu biyar ne zaune, ni ke jan ragamar wasan, kuma babu ɗayanmu da ya ga lambobin nan da idonsa. Wadda ke zaune daura da shi ta kalle ni, na kalle ta, kowa ya yi gum.

Ga wanda bai saba da harkar ba, wasan labari na kan tebur zama ne da mutane ke yi su ƙaga labari tare. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda, jagoran wasa kuma yana riƙe da sauran duniyar gaba ɗaya: dodanni, sarakuna, tarkuna, har da yanayin gari. Idan jarumi ya yi yunƙurin abin da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, a ce haura katanga ko kai sara, sai a jefa dayis, irin ƙwayar nan ta ludo, sai dai wadda aka fi ji da ita a nan fuska 20 gare ta. A haɗa lambar da ta fito da ƙarin da ke takardar jarumin. Ta kai adadin da ake nema, an ci. Ba ta kai ba, an faɗi.

Babu kofi a wasan nan, babu kuɗi, babu wanda ake cewa ya zo na ɗaya. Shi ya sa wasu jagorori ke kau da kai su ce, to me aka sace? A bar shi ya ji daɗinsa. Ni ma na ɗau makonni ina lallaɓa kaina da wannan maganar, har sai da na ga inda ɓarnar take sauka.

Jagora yana auna ƙarfin dodanni ne da ƙarfin ayarin jarumai. Idan akwai jarumi ɗaya da saransa ba ya faɗuwa ƙasa banza, faɗa sai ya riƙa ƙarewa tun ba a je ko'ina ba, jagora kuma ya ƙara wa dodanni nauyi don wasan ya yi armashi. Nauyin nan ba mai maguɗin yake dannewa ba, tunda shi kullum yana kaucewa. Masu faɗin gaskiyar lambarsu yake dannewa, su ne jarumansu ke zubewa. Akwai kuma wata satar da ta fi wannan ciwo. Wata ta gina jarumarta a kan gwanintar buɗe kwaɗo, ta jira zama uku kafin a iso ƙofar da za ta nuna bajinta, ta jefa ta sami 4. Sai gogan naka, wanda jaruminsa bai san komai ba sai takobi, ya ce bari ya gwada, ya sure ƙwayarsa ya ce ashirin. Lokacinta ne ya ɗauke. Kuma daga ranar da sauran suka gane, ashirin ɗin kowa ta rage daraja, har da ta gaskiya. A teburin nan dayis ne kaɗai ba ya goyon bayan kowa. Jagora yana da labarin da yake so ya kai, kowane ɗan wasa yana ƙaunar jaruminsa, ita kuwa ƙwayar ba ta san fuskar kowa ba, shi ya sa aka yarda ta raba gardama.

Salon maguɗin ba shi da yawa, kuma duk wanda ya daɗe yana zama ya san su. Akwai sure ƙwaya kafin a gani. Akwai mai wasa da dayis a hannu yana ta jefawa tun ba a kira shi ba, da lamba mai kyau ta fito sai ya ce ai wannan ce jifarsa. Akwai wanda ƙwayarsa ba ta taɓa "karkacewa", wato ta jingina da wani abu har a sake jefa ta, sai ta faɗi a kan 2. Akwai mai ƙara ƙari daga aljihunsa, da mai mantuwar rage makin ran jaruminsa idan an sare shi. A wasan Call of Cthulhu, wanda ya fito a 1981, ana jefa ƙwaya biyu masu fuska 10, ɗaya ta gomiya ɗaya ta ɗaiɗai, kuma ƙaramar lamba ake so. Idan mutum bai faɗi wacce ce ta gomiya ba kafin ya jefa, 8 da 2 sai su zama 28 a bakinsa maimakon 82. Akwai kuma wata irin ƙwaya mai fuska 20 da aka yi ta don ƙirga maki a wasan kati na Magic: The Gathering, lambobinta a jere suke, manyan duk sun taru a gefe guda. A dayis na asali an warwatsa su, kowace fuska da ta bayanta suna haɗa 21. Mai irin waccan ƙwayar, idan ya iya tura ta a hankali maimakon ya mirgina ta, ya sami abin da yake so ba tare da ya yi ƙarya da baki ba.

Amma fa a bi a hankali, domin kuskure na gaskiya yana kama da maguɗi sosai. Mutane na karanta 6 a matsayin 9. Wasu ƙwayoyin an cika musu ado har lambar ba ta karantuwa sai an ɗaga su zuwa ido, kuma daga nan al'adar surewa take farawa ga mutane da yawa. Wani lissafi ne ba ya masa daɗi, wani kuma dokar ce bai fahimta ba, yana haɗa ƙari biyu da ba a haɗa su. Ita kanta ƙwayar tana iya fitowa daga masana'anta da nauyi a gefe guda. Masu shakka kan narka gishiri mai yawa a ruwa har ƙwayar roba ta yi iyo, su riƙa juya ta da yatsa su ga ko fuska ɗaya ce take ta komowa sama.

Sai maganar lissafi, wadda a nan ne jagorori suka fi yaudarar kansu. Samun 20 a jifa ɗaya kashi 5 ne cikin 100. Idan mutum biyar suka jefa sau 20 kowannensu a zama guda, jifa 100 ke nan, ana sa ran ganin 20 wajen sau biyar ba tare da kowa ya yi komai ba. Biyu a jere kuwa ɗaya ce cikin 400, abin da duk teburin da ya shekara yana zama zai gani. Ƙwaƙwalwa kuma ba amintacciyar shaida ba ce. Da zarar ka fara zargin mutum, manyan lambobinsa kake riƙewa, 7 da 9 ɗin da ya faɗa tsakani duk sun bi iska. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.

Idan har za a duba lambobi, ƙananan ake nema. Kashi ɗaya cikin huɗu na jifa ya kamata ya faɗo tsakanin 1 da 5. Mutum ya jefa sau 10 bai ga ko ɗaya ba, wannan ɗaya ce cikin 18, ba abin ɗaga gira ba ne. Sau 20 babu, ɗaya cikin wajen 315, an fara kallon juna. Sau 40 babu, kusan ɗaya cikin 100,000. Mai maguɗi mai wayo ba ya cika faɗin 20, domin ya san tana jan ido. Abin da ba ya iya jurewa shi ne furta 3 da bakinsa. Shi kuwa mai jefawa sau biyu ya zaɓi wadda ta fi, abin da yake yi yana da suna a dokar bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014: fifiko ne da ake ba jarumi a wasu yanayi, ya jefa ƙwaya biyu ya ɗauki babba. Yana ɗaga matsakaicin jifa daga 10.5 zuwa wajen 13.8, abin da ake ci rabi da rabi kuma ya koma uku cikin huɗu. Gogan ya ba kansa wannan kyautar ne a kowane zagaye.

Duk da haka ban ba kowa shawarar ya zauna da takarda yana rubuta lambobin abokinsa a ɓoye ba. Na yi, zama biyu, kuma ban ji daɗin kaina ba. Na daina sauraron labarin da muke ginawa, na koma ɗan sandan ciki a teburina. Hujjar da na tara ma ba ta da inda zan kai ta. In na baje ta a gaban jama'a me zai biyo baya? Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Zai musanta, ya yi fushi, wasu su goyi bayansa don tausayi, zaman ya watse a kan gardamar da babu alƙalin da zai yanke ta, tunda ƙwayar da ake magana a kanta ta daɗe da komawa aljihu.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a toshe ɓarakar, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sa tire ɗaya a tsakiyar tebur. Kowa a ciki zai jefa. Ba a jefawa sai jagora ya kira. Ba a taɓa ƙwaya sai wani ya karanta lambar. Wadda ta faɗi ƙasa ko ta fita daga tire a sake ta, ko 1 ce ko 20. Dokar ta hau kan kowa, kuma a faɗe ta da dalilin da kowa zai amince da shi, wanda kuma gaskiya ne: jifa a fili ta fi daɗi. Mutum biyar sun sunkuya suna kallon ƙwaya tana juyi a lokacin da ran jarumi ke hannunta, wannan shi ne rabin daɗin wasan. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa, ba a kira sunan kowa ba. Wani lokacin kuma wanda ake zargin ne zai fara ƙorafi a kan sabuwar dokar, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko a nan ɗin kada jagora ya ce komai, ya dai tsaya a kan dokarsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. An tono wata ƙaramar hasumiyar ƙarfe ta Rumawa a ƙasar Jamus, ta ƙarni na 4, tana gidan tarihi a birnin Bonn. Ana zuba dayis ta sama, ya gangaro ta kan matakala a ciki ya fito ta ƙasa, hannun mai jifa bai da ta cewa. A jikinta an rubuta da Latin cewa an ci abokan gaba, a yi wasa cikin kwanciyar hankali. Gidajen caca na zamani ma dole ƙwaya ta bugi bangon tebur ta dawo kafin a karɓi jifar. Masu wasa ta intanet kuwa abin ya zo musu da sauƙi, domin dandali irin su Roll20 su suke yin jifar, su nuna wa kowa, su ajiye ta a rubuce. Jagoran da ke barin mutum ya jefa a ɗakinsa ya faɗo lamba ta makirufo, shi ya buɗe ƙofar da hannunsa.

Haka ma wajen gina jarumi. Tsohuwar hanya ita ce a jefa ƙwaya huɗu masu fuska 6, a yar da ƙaramar, a haɗa ukun, sau shida, a sami lambobi shida da ke auna ƙarfi da iyawar jarumin. Samun 18 ta wannan hanyar ɗaya ce cikin wajen 62. Wanda ya zo daga gida da takarda mai 18 har uku yana cewa sa'a ce, yana da'awar abin da ke faruwa sau ɗaya cikin kusan 12,000. Ba sai an yi musu da shi ba. A gina jarumai tare a tebur, ko a yi amfani da jerin da littafin dokokin Dungeons & Dragons ya tanada, 15, 14, 13, 12, 10, 8, kowa ya rarraba yadda yake so.

Idan tire bai wadatar ba, ko maguɗin ya koma takarda, to sai magana, kuma a keɓe. Ni na jira har kowa ya tafi, muna tattara kaya. Na ce, "Abokina, akwai abin da ke damuna. Sau da yawa kana ɗauke ƙwayarka kafin in gani, kuma ba ni kaɗai na lura ba. Ba na so mutane su fara shakkar jifarka." Ban ce ya yi ƙarya ba. Abin da idona ya gani na faɗa, na bar masa hanyar fita. Ya yi shiru yana jujjuya fensir, can ya ce, "Wallahi duk lokacin da na kuskure sai in ji kamar ni na ja wa kowa." Daga nan ya ce wannan jarumin shi ne na farko da ya taɓa rubuta wa tarihi, shafi uku, kuma ya ga yadda na kashe jarumin wani a zama na biyu ba tare da na ko girgiza ba.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin da gaskiyarsa a wannan ɓangaren. Mutane ba sa maguɗi a wasan da babu riba sai faɗuwa ta yi musu tsada, kuma jagora ne ke sa mata farashi. Duba yadda faɗa yake tafiya a tebur mai mutum biyar da tarin dodanni. Mutum ya jira a ce minti 15 kafin zagaye ya iso kansa, ya jefa, jagora ya ce, "Ka kuskure, na gaba." Shi ke nan rabonsa, sai wani minti 15 ɗin. Idan haka ta faru sau uku a jere, ya yi kusan awa guda yana kallo. In aka haɗa da tebur mai yi wa wanda ya jefa 1 dariya, ko jagora mai mayar da kowane kuskure abin wulaƙanci, takobi ya suɓuce, wando ya yage, to hannu zai fara rufe ƙwaya. Wannan bai wanke mai maguɗi ba. Yana dai nuna inda za a sa magani.

Wasu wasannin sun gina dokarsu a kan wannan matsalar. A Apocalypse World, na 2010, ƙwaya biyu masu fuska 6 ake jefawa: 10 zuwa sama ka samu, 7 zuwa 9 ka samu amma da tsada, 6 zuwa ƙasa jagora ya motsa labarin ta hanyar da ba za ka so ba. Ko ta ina ta faɗo, wani abu yana faruwa. Dungeon World, da ya biyo sawunsa, har makin ƙwarewa yake ba wanda ya faɗi. Ba sai an canza wasa ba kafin a ari wannan tunanin. Jarumi ya kasa buɗe kwaɗo, maimakon "ƙofa ta ƙi", sai ƙofar ta buɗe amma ƙarar ta tashi mai gadi. Ya kuskure sara, a bar ɗan wasan ya bayyana da bakinsa yadda abin ya faru. Idan faɗuwa tana ba mutum fili kamar yadda nasara ke ba shi, sha'awar sure ƙwaya tana raguwa da kanta.

Akwai kuma tambayar da duk jagora mai gaskiya zai yi wa kansa, tunda laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yawancinmu muna zaune ne bayan allon kariya, muna jefa namu dayis ɗin inda babu mai gani. Littafin jagora na bugu na biyar ya faɗa ƙarara cewa jifa a bayan allo tana ba jagora damar sauya sakamako idan ya ga dama. Masu kare wannan suna cewa jagora ba shi da jarumin da yake so ya ci, yana rage sara ne don kada labari ya mutu a banza. Na yarda akwai bambanci, amma bambancin bai kai yadda muke so mu ɗauka ba. Ɗan wasan da ya lura dodo yana kuskurewa duk lokacin da wani ya kusa mutuwa ya koyi darasi guda: a teburin nan lamba abin sasantawa ce. Ra'ayina shi ne a yi maganar tun zaman farko, kafin a fara labari. Ko jagora ya ce zai riƙa gyara jifa a wasu lokuta kuma kowa ya amince, ko ya jefa nasa a tire ɗaya da kowa. Ni na biyun na zaɓa, ranar da na kawo tiren. Sai da na jefa 20 a kan jarumin da ya rage masa makin rai 4, a gaban kowa, sannan na san nauyin abin da nake nema daga mutane.

Abu biyu ne na ga jagorori na yi da nake ganin sun fi maguɗin kansa muni. Na farko, rama gayya a cikin labari: dodanni duk su taru a kan jarumin wanda ake zargi, tarko ya riƙa nemansa shi kaɗai. Mutumin da tsoron faɗuwa ya sa shi ƙarya, an ƙara masa dalili ke nan, sauran kuma suna kallo suna gane cewa jagora ma ya bar gaskiya. Na biyu, ragi a ɓoye: ya ce 19, kai ka lissafa 14 a zuciyarka. Yanzu maƙaryata sun zama biyu a tebur, kuma ranar da 19 ɗinsa ta zama ta gaskiya ka cuce shi.

Yaro ɗan shekara 10 da ya juya ƙwaya da yatsa, a yi murmushi a ce a sake jefawa, a nuna masa yadda jarumi ke faɗuwa ya tashi. Babban mutum da aka sa wa tire, aka yi masa magana a keɓe, aka gyara yadda faɗuwa take, amma ya koma goge makin rai da fensir ko ƙirƙiro tsafin da jaruminsa bai da shi, wannan ya faɗi matsayinsa. A sake yi masa magana sau ɗaya, wannan karon da sunan abin, a kuma gaya masa abin da zai biyo baya. Idan bai bari ba a sallame shi daga wasan cikin mutunci, ba tare da an tara masa jama'a ba. Abota na iya ci gaba a wani wurin. Jagoran da ya kasa yin haka don kunya yakan wayi gari ya ga masu gaskiyar ne suka fara ba da uzurin rashin zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za su faɗi dalili ba.

Nawa abokin bai kai mu can ba. Zama na biyu bayan maganarmu, jaruminsa na tsallake wata gada da ta ruɓe, ya jefa a tire, ƙwaya ta tsaya a kan 3. Na ga hannun ya taso daga kan tebur, ya yi rabin hanya, ya tsaya. Na ce katako ya karye, ya kama igiya da hannu ɗaya, jakar da taswirar ayari ke ciki tana zamewa daga kafaɗarsa, wanne zai riƙe? Ya daɗe yana kallon takardarsa. Ya saki taswirar. Zama huɗu suka yi suna ɓata a cikin dajin nan, kuma har yau idan aka zo mararraba a labari, shi ake juyowa a tambaya ina hanya.